Shaidun da Ake Kiwo a Barga: Tarihin Sana'ar Antibodi da Furotin Mai Ɗaukar Kitse a Hanji

Daga cikin sana'o'in da zamani ya haifar, waɗanda yawancin jama'a ba su san da zamansu ba alhali kuwa suna cin moriyarsu a kowane asibiti, akwai sana'ar mutanen da ke kiwon dawaki da tumaki da zomaye domin wani abu da ke cikin jininsu, wanda likitoci ke kira antibodi. Asalin al'amarin kuwa shi ne, Allah cikin hikimarsa ya halicci jikin mutum da na dabba a bisa wata ɗabi'a, cewa duk sa'ad da wani baƙon abu ya kutsa cikinsa, ko dafi ne, ko ƙwayar cuta, ko furotin na wata halitta dabam, to jikin zai ƙera wani sinadari na musamman wanda zai gane wannan baƙo, ya manne masa, ya ƙyale dubban abubuwan da ke yawo tare da shi. Masu basira suka lura da haka, suka mai da shi magani tun da fari, daga baya suka mai da shi ma'auni, har ya zama a yau in masani yana son ya san ko wani furotin yana cikin ƙwayar halitta, da inda yake zaune, da yawansa, ba shi da hanya mafi kusa da ya nemo antibodin da ya san wannan furotin ya tambaye shi. Matsayinsa a ɗakin bincike ke nan matsayin mai ba da shaida a gaban alƙali, sananne ne kuwa a wurin malaman fiƙihu cewa ba a yanke hukunci da maganar mai shaida sai an yi masa tazkiya, an tabbatar da adalcinsa da kiyayewarsa. Abin da nake nufin bi a nan shi ne tarihin wannan sana'a, da yadda ta yi aiki a kan wani ɗan ƙaramin furotin da ke cikin hanji, domin a ga yadda masu ita suka sha ganewa, suka kuma sha mantawa, cewa shaidun nasu na bukatar tazkiya.

Mafarin sana'ar a Barlin ne, babban birnin Jamus, cikin watan Disamba na 1890, lokacin da Emil Behring da abokin aikinsa mutumin Japan, Shibasaburo Kitasato, waɗanda ke ƙarƙashin Robert Koch, suka bayyana cewa in an saba wa zomo da dafin cutar sarƙe-haƙora har ya daina yi masa illa, sa'an nan aka ɗebi jininsa, aka bar shi ya daskare, aka tsiyaye ruwan da ke tasowa a sama, aka yi wa ɓera allurarsa, to ɓeran ma dafin ba zai kashe shi ba. Mako guda bayan haka Behring ya ba da irin wannan bayani game da mashaƙo, cutar da a wancan zamani take shaƙe dubban yaran Turai a kowace shekara. Da yake ƙananan dabbobi ba su da jinin da zai wadaci asibitoci, sai aka koma ga doki, wanda ana iya ɗibar lita da dama daga jijiyar wuyansa ya kuma koma ga ciyawarsa. A 1894 Emile Roux na Cibiyar Pasteur ta Paris ya tsaya gaban taron likitoci a Budapest ya ba da labarin yara 300 da aka yi wa magani da ruwan jinin doki, inda mutuwa ta sauko daga kusan rabi zuwa kusan rubu'i. Jaridar Le Figaro ta buɗe asusun taimako, jama'a suka zuba kuɗi, aka tara dawaki aka gina musu barga. Da aka zo ba da kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci cikin 1901, Behring aka bai wa shi kaɗai, aka bar Kitasato, abin da har yau nake ganin ba a yi masa adalci ba.

Amma tun kafin murna ta lafa sai aibin farko na sana'ar ya fito fili, aibin da har gobe bai rabu da ita ba. Wata kwalba ta warkar da yaro, wata kuwa ba ta yi komai ba, saboda doki ya bambanta da doki, bal ma doki guda jininsa na bana ba ɗaya yake da na baɗi ba. Paul Ehrlich ne ya ɗauki nauyin wannan mas'ala, kuma a ganina aikinsa bai gaza na Behring daraja ba, ko da yake ba shi da armashi a idon jama'a. A 1897 ya shimfiɗa ƙa'idar auna ƙarfin ruwan jini, ya busar da wani kaso ya rufe a bututun gilashi da aka zuƙe wa iska don kada ya sauya, ya mai da shi asali wanda duk wani sabon ɗiba sai an gwada shi da shi kafin a sayar. Hukuma kuma ta ba shi cibiya, da fari a Steglitz kusa da Barlin, daga 1899 kuma a Frankfurt, inda ake buga wa abin da ya inganta hatimi a mayar da abin da ya gaza. Amurka ba ta yi haka da wuri ba sai da ta ɗanɗana kuɗarta. A 1901 a birnin St. Louis akwai wani tsohon doki mai jan keken madara, ana kiransa Jim, wanda hukumar lafiya ta garin ke ɗibar jininsa don maganin mashaƙo. Ya kamu da sarƙe-haƙora aka kashe shi, amma ruwan jinin da aka ɗiba gab da haka aka raba shi ba tare da gwaji ba, yara 13 suka rasu. Wannan musiba tana cikin abin da ya sa majalisar ƙasar ta yi dokar 1902, wadda ta wajabta lasisi da duba a kan duk mai yin irin wannan magani.

Wasu hikimomin sana'ar a barga aka koyo su. Gaston Ramon, likitan dabbobi mai kula da dawakin Cibiyar Pasteur a Garches, ya lura wajen 1925 cewa dokin da wurin allurarsa ya kumbura ya yi ƙurji ya fi 'yan'uwansa ba da antibodi, sai ya shiga gauraya dafin da garin rogo da ɓarɓashin burodi da gangan domin ya tsokano kumburin. Daga baya Jules Freund ya kyautata wannan dabara da mai da matattun ƙwayoyin tarin fuka, kuma da haɗin nasa aka yi wa zomaye marasa adadi allura a ɗakunan binciken duniya.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan sana'a. Ɗakin binciken dabbobi na Vom, a kan tsaunukan Jos, an kafa shi cikin 1924 ne musamman don yin ruwan jinin yaƙi da bushiya, annobar da ta share garkunan shanun Fulani a ƙarshen ƙarni na 19. Maganin sarar maciji shi ma reshe ne nata. Albert Calmette ya fara yin sa da dawaki wajen 1895, Vital Brazil na São Paulo kuma ya nuna cewa maganin dafin wani maciji ba lalle ne ya yi aiki a kan na wani ba; shi ya sa maganin da ake ceton manoma da makiyaya da shi a asibitin Kaltungo sai da aka kwashi kububuwa da kasa da gamsheƙa daga Najeriya zuwa Libaful aka tatsi dafinsu, aka yi wa tumaki allura a Wels da dawaki a Kosta Rika. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano cikin 2023, maganin dafin da likitoci suka yi ta nema har yanzu daga jinin doki ake fitar da shi, kamar yadda Roux ya yi.

Juyawar antibodi daga magani zuwa mai shaida kuwa a gaban alƙali na haƙiƙa ta fara. Rudolf Kraus ya lura a Biyana cikin 1897 cewa in antibodi ya haɗu da abin da ya sani a cikin kwalba, sai ruwan ya gurɓace, wani gari-gari ya kwanta. Paul Uhlenhuth na Greifswald ya yi wa zomo allurar jinin mutum, ya ga ruwan jinin zomon yana gurɓacewa da jinin mutum, ba ya motsi da na saniya ko na kare. A shekarar 1901 aka kashe wasu yara biyu 'yan'uwa a tsibirin Rügen, aka kama wani kafinta mai suna Ludwig Tessnow, wanda ya dage cewa tabon da ke tufafinsa na rinin katako ne; Uhlenhuth ya jiƙa tabon ɗaya bayan ɗaya, ya ware na jinin mutum daga na jinin tunkiya, kotu ta karɓi hujjar. Sai dai ba a jima ba George Nuttall na Kambirij, wanda ya yi gwaji wajen 16,000 da jinin dabbobi iri-iri ya buga sakamakon cikin 1904, ya nuna cewa antibodin da ya san jinin mutum yana amsawa ga jinin manyan birai, na tunkiya kuma yana amsawa ga na akuya. Watau mai shaidar nan yana iya rikita mutum da ɗan'uwansa in kamanninsu ta yi kusa. Karl Landsteiner ya kwashe shekaru a Cibiyar Rockefeller ta New York yana auna iyakar wannan ganewa da ƙananan sinadaran da ya haɗa da hannunsa, ya tabbatar cewa tana da kaifi ƙwarai, amma ba ma'asumiya ba ce.

Abin da ya biyo baya duk ƙoƙari ne na sa wannan mai shaida ya yi magana da ƙarfi. Albert Coons na Harvard ya ɗaura wa antibodi wani rini mai ƙyalli cikin 1941, ta yadda in an zuba shi a kan yankin nama siriri aka duba a madubin ƙara girma, sai wurin da ya manne ya haskaka, a ga furotin a mazauninsa. Rosalyn Yalow da Solomon Berson, a wani asibitin tsofaffin sojoji a unguwar Bronx, suka haɗa antibodin ɓeran Masar da sinadari mai tururin nukiliya, suka auna insulin a ɗigon jinin mutum wajen 1960, kuma suka ƙi yi wa dabarar rajistar mallaka don kowa ya amfana. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Stockholm, da wasu masana biyu a Holan a lokaci guda, suka maye gurbin sinadarin nukiliya da enzaim mai sauya launin ruwa, wanda shi ne gwajin ELISA da kusan kowane babban ɗakin gwaji na asibitocinmu ke yi a yau.

To a daidai wannan lokaci ne mas'alar hanji ta shigo. Kitse da mai ba sa narkewa a ruwa, cikin ƙwayar halitta kuwa galibinsa ruwa ne. In mutum ya ci abinci da man gyaɗa ko man shanu, ruwan maɗaciya yakan farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, enzaim ya yanyanka shi zuwa asid ɗin kitse, waɗannan kuma su ratsa bangon ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin ƙaramin hanji. Amma bayan sun shiga akwai sauran tafiya, domin sai sun ƙetare ruwan cikin ƙwayar sun isa inda ake sake ɗinke su, a ƙunshe, a tura su jiki. Ga shi kuma asid ɗin kitse in ya taru sakaka yana cin bangon ƙwayar da ke ɗauke da shi. Me ke riƙe shi a wannan tsakani? Robert Ockner, likitan ciki a Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco, shi da abokiyar aikinsa Joan Manning da wasu biyu, suka kankare fatar cikin hanjin ɓera, suka niƙe, suka juya ta a injin har duk mai nauyi ya kwanta, suka zuba wa ruwan da ya rage asid ɗin kitse mai alamar nukiliya, suka tace shi ta bututun da ke jera furotin bisa girmansu. Alamar ta fito manne da wani ɗan ƙaramin furotin wanda suka ƙiyasta nauyinsa da 12,000, suka kuma sami mai irin wannan hali a hanta da zuciya da ƙoda da kitsen jiki. Mujallar Science ta buga labarin cikin 1972, aka raɗa masa suna furotin mai riƙe asid ɗin kitse, a taƙaice FABP.

Tace furotin ta bututu aiki ne na kwanaki, kuma ba ya nuna a wace ƙwaya yake. Don haka Ockner da Manning suka yi abin da kowane masani na zamaninsu zai yi, suka tsarkake furotin gwargwadon iyawarsu, suka yi wa dabba allurarsa, suka jira makonni, suka ɗebi ruwan jini. Da shi suka yi awo ta wata hanya mai sauƙi da kyau: a gauraya ruwan jinin da wani abu mai daskarewa a faranti, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga abin da ake son aunawa, sai wani zobe fari ya kewaye ramin, fāɗinsa gwargwadon yawan furotin. Abin da suka bayyana cikin 1974 mafi yawansa ya tsaya har yau. Furotin ɗin ya fi yawa a farko da tsakiyar ƙaramin hanji, inda ake shan kitse, ya ragu a ƙarshensa. Ya fi yawa a kan 'yan abubuwan nan gashi-gashi da suka lulluɓe cikin hanji, inda manyan ƙwayoyi ke aiki, bisa ga gindinsu inda ake haifar sababbi. Kuma in an ciyar da ɓera abinci mai maiƙo yana ƙaruwa. Amma wannan ruwan jini ya ba da wata shaida ta biyu, cewa furotin na hanji ɗaya yake da wani da ke cikin hanta da zuciya da kitsen jiki. Abin yabo ne ga mutanen biyu cewa sun sa ƙaidi a maganarsu, suka ce wannan bai kore yiwuwar akwai waɗansu na dabam a gaɓoɓin nan ba. Ƙaidin nan kuwa shi ya zama gaskiyar lamari.

Illar tana cikin tushen sana'ar. Dabba ba ta san abin da masani ke nufi ba. Duk abin da aka zuba mata a allura, har da ɗan gurɓin da ya maƙale wanda ido bai gani ba, za ta yi masa antibodi, kuma ruwan jininta taron shaidu ne masu yawa, kowa da abin da ya gani. Maganin rabin wannan illa ya zo daga Kambirij cikin watan Agusta na 1975, inda Georges Köhler, Bajamushe, da César Milstein, mutumin Ajantina, suka ɗauki ƙwayoyin saifar ɓeran da aka yi wa allura, waɗanda kowace ɗaya antibodi iri guda take yi amma ba ta daɗewa a kwalba, suka narkar da su cikin ƙwayoyin sankarar ɓargo waɗanda ba sa mutuwa, suka sami zuriyar da ke zubo antibodi iri ɗaya tak har illa ma sha Allahu. Su ma ba a yi wa aikinsu rajistar mallaka ba, kuma sun sami Nobel cikin 1984. Na ce rabin illa, domin mai shaida guda ya fi taro sauƙin bincike, amma kasancewarsa guda ba ta mai da shi adali ba.

Warware zancen FABP ya zo ne a farkon shekarun 1980, kuma ta hanyoyi biyu da suka gaskata juna. A San Francisco, Nathan Bass tare da Ockner da Manning suka raba furotin ɗin da kyau, suka yi wa kowanne antibodinsa wanda ba ya taɓa ɗayan. A St. Louis kuma, garin dokin nan Jim, David Alpers da Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington suka karanto jerin amino asid daga ƙwayoyin gado, na hanta cikin 1983, na hanji cikin 1984. Sai ga shi ƙwayar hanji guda tana ɗauke da furotin biyu masu kusan girma ɗaya: irin na hanta mai amino asid 127, wanda ke riƙe asid ɗin kitse biyu a lokaci guda har da wasu abubuwa, da irin na hanji mai 131, wanda ke riƙe ɗaya, kuma ba a samunsa da yawa a ko'ina sai a hanji. Abin da suka yi tarayya a kai na jerin amino asid bai kai sulusi ba. Na zuciya dabam ne, na kitsen jiki dabam, akwai ma wani a ƙarshen hanji mai riƙe sinadarin maɗaciya, har dangin suka kai kusan goma. A 1989 James Sacchettini da Gordon da Leonard Banaszak suka daskarar da na hanji ya zama ƙanƙara-ƙanƙara, suka haska shi da hasken eksire, suka ga siffarsa: zare goma da suka naɗe suka bar kogo a tsakiya, asid ɗin kitse na kwance a ciki, da wasu murɗaɗɗun sassa biyu a bakin kogon.

Da wannan aka zaci an gama, tunda ga furotin a inda ake shan kitse, ga kitse a cikinsa, ga shi da yawa har ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na furotin da ke narke a ƙwayar. Sai a shekarar 2000 wasu masana, cikinsu akwai Luis Agellon na Alberta ta Kanada, suka samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon wannan furotin ɗungum, ɓerayen kuwa suka rayu, suka hayayyafa, suka ci gaba da shan kitsensu, sai dai wasu sauye-sauye da aka gani a nauyin jikinsu da insulin ɗinsu. Darasi ne mai nauyi game da haddin shaida. Antibodi ya faɗi gaskiya da ya ce furotin yana nan, kuma ga yawansa. Bai taɓa cewa in babu shi kitse ba zai wuce ba, masana ne suka ɗora wannan da ƙiyasinsu. Fa'idar da ɓerayen nan suka bari kuma ita ce sun zama mizanin tazkiya mafi ƙarfi, domin duk antibodin da ya haskaka a hanjin da babu furotin ɗin a cikinsa ya tona wa kansa asiri.

Daraja mafi girma da furotin ɗin ya samu a asibiti ta fito ne daga inda ba a zata ba. In jijiyar da ke kai wa hanji jini ta toshe, ƙwayoyin da ke can ƙolin gashi-gashin nan su ne farkon mutuwa, su ne kuma mafi cika da wannan furotin. Da yake shi ƙarami ne mai narkewa a ruwa, nan da nan yake tsiyayewa cikin jini, ƙoda kuma ta fitar da shi cikin fitsari ba da jimawa ba. Mai lafiya ɗan kaɗan ne ake samu a jininsa. Tatsuo Kanda da abokansa a Jami'ar Niigata ta Japan suka gwada haka a ɓeraye, sa'an nan cikin 1996 suka nuna da antibodin furotin na mutum cewa yana hauhawa a jinin waɗanda hanjinsu ya fara mutuwa, cutar da likitan fiɗa kan sha wahalar ganewa har lokaci ya ƙure. Likitocin jarirai suka ɗauka don ciwon ruɓewar hanji da ke kama bakwaini, masana a Maastricht ta Holan suka faɗaɗa shi ga masu ciwon da alkama ke jawo wa hanji, da waɗanda aka yi wa babbar tiyata, har da masu tseren da ke gudu cikin zafi.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Tun 1991 Peter Lunn da abokansa, da suka bi jarirai a karkarar Gambiya, suka nuna cewa babban kaso na tsumburewar yara ba daga ƙarancin abinci kaɗai yake ba, har da lalacewar fatar cikin hanji, wadda gurɓataccen ruwa da ƙazantar muhalli ke jawowa a ɓoye, ko da yaron ba ya zawo. Gwajin da suka yi amfani da shi sai an shayar da yaro ruwan suga iri biyu an tara fitsarinsa na sa'o'i, abin da duk wadda ta yi reno ta san wahalarsa. Shi ya sa masu binciken tamowa a Afirka da Asiya suka sa FABP na hanji cikin alamomin da suke aunawa a ɗigon jini. Shi kansa Jeffrey Gordon, wanda ya fara da wannan furotin don ya fahimci yadda ƙwayoyin hanji ke tasowa daga gindi zuwa ƙoli su zube cikin kwana uku zuwa biyar, hanyar ta bi da shi zuwa ga ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji, har cikin 2013 ya fitar da binciken tagwaye 317 na Malawi game da ciwon kumburin yunwa. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin wuraren da tsumburewar yara ta fi tsanani a duniya, don haka ingancin wannan awo ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Sai dai sana'ar ta sauya hannu. A zamanin Ockner masani da kansa yake tsarkake furotin, ya san dabbarsa, ya san aibin ruwan jininsa, in abokinsa ya roƙa ya aika masa da 'yar kwalba tare da gargaɗi. Daga shekarun 1980 zuwa yau kamfanoni ne ke yi, ana zaɓa daga kundin da ke ɗauke da dubban ɗaruruwa, sau da yawa kuma mai sayarwa ba shi ne mai yi ba, ya saro ne ya liƙa tambarinsa, har isnadin kwalbar ya yanke. Mathias Uhlén da jama'arsa a Suwidin, masu aikin zana taswirar dukkan furotin na jikin mutum, suka gwada fiye da 5,000 daga cikin na kasuwa, suka bayyana cikin 2008 cewa wajen rabi ne kawai suka ci jarrabawa. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun, da masana fiye da ɗari da suka sa hannu tare da su, suka ƙiyasta cewa Amurka kaɗai tana asarar dala miliyan 350 a shekara a kan antibodi marasa inganci, suka nemi a koma yin su daga jerin gado sananne wanda ba ya sauyawa. A 2017 wasu masana a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake neman wani furotin mai karɓar sinadarin mata da su, guda ɗaya tak ya tabbata, bayan an riga an gina bincike masu yawa a kan sauran. Game da FABP na hanji kuwa, sananne ne a wurin masu aunawa cewa jini guda yana iya ba da adadi dabam-dabam a kayan gwajin kamfanoni dabam-dabam, kuma wannan yana cikin dalilan da suka hana a yi ittifaƙi a kan haddin da za a ce hanji ya lalace, har gwajin ya kasa zama na yau da kullum a asibiti bayan kusan shekara talatin. Ciwon da Ehrlich ya yi wa magani a 1897 ne ya dawo, domin dokokin da aka yi sun tsare abin da ake yi wa majiyyaci allura, sun bar abin da ake sayar wa mai bincike.

Hanyoyin tazkiya ba ɓoyayyu ba ne, wani kwamitin masana na duniya ma ya tsara su cikin 2016. A gwada antibodin a naman da aka cire wa furotin ɗin a ga ya yi shiru. A nemo wani antibodi na biyu wanda ya san wani sashe dabam na furotin a ga ko maganarsu ta dace. A auna da wata hanyar da ba ta dogara ga antibodi ba. Ga furotin mai 'yan'uwa kusan goma, wanda ɗaya daga cikinsu ke zaune tare da shi a ƙwaya guda, ƙaramin abin da ya wajaba shi ne a nuna cewa antibodin ba ya amsawa ga irin na hanta.

Saboda haka ina kira ga malamai da ɗaliban da ke wannan aiki a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, waɗanda na san 'yar kwalbar da ba ta cika cokali ba tana cin ɗaruruwan daloli, tana kuma isowa bayan doguwar tafiya da ɗaukewar wuta, har mutum ya ji nauyin ɓata ɗigo ɗaya a kan gwajin da ba zai shiga sakamako ba: ku ɓata wannan ɗigon. Ku tambayi mai sayarwa wace dabba aka yi wa allura, da wane sashe na furotin, kuma a kan me aka jarraba shi. Ku rubuta sunan kamfani da lambar kaya da lambar ɗiba a duk abin da za ku buga, ku ajiye wani kaso na jini guda ku riƙa auna kowane sabon kaya da shi, kuma kada ku gwama adadin da kuka samu a yaran Katsina ko Maraɗi da na wata ƙasa sai kun tabbatar da kayan gwaji ɗaya aka auna su.